Karnukan da Suka Riƙe wa Jarumai Gida: Daga Streak Zuwa Krypto

A farkon shekarar 1948, yaran Amurka da suka kai senti 10 wurin mai sayar da jaridu don karɓar mujallar zane ta Green Lantern, fitowa ta 30, sun tarar da baƙo a cikinta. Jarumin da suka saba da shi tun 1940, wato Alan Scott mai zoben da ke fitar da koren haske, yana nan daram. Amma an haɗa shi da wani kare mai tsayayyun kunnuwa, irin karnukan Jamus ɗin nan da 'yan sanda ke yawo da su. Sunansa Streak. Marubuci Robert Kanigher ne ya ƙago shi, wani saurayi mai suna Alex Toth, wanda bai cika shekara 20 ba a lokacin, ya zana shi.

Ba a ɗauki dogon lokaci ba karen ya fara ture ubangidansa daga bangon mujallar da ke ɗauke da sunan ubangidan. Lokacin da fitowa ta 38 ta shiga kasuwa a 1949, wadda ita ce ta ƙarshe, Streak ne a bango. Mutumin da ke tashi sama, yana ratsa katanga da ƙarfin zobe, ya koma bayan dabbar da ba ta da makami sai hanci da haƙora.

Masu kamfanin ba su yi haka don wasa ba. Kasuwa ce ta juya wa jarumai masu alkyabba baya, kare kuwa yana sayar da takarda. Wannan abu ya sake faruwa sau da yawa a tarihin mujallun zane da na fina-finai: duk sa'ad da jarumi ya shiga tsaka mai wuya, ko a cikin labari ko a wajen ciniki, sai a kira kare. Tarihin ya taso daga Faransa ya bi ta Hollywood da New York, kuma wani reshensa ya iso ƙasashen Afirka masu karatu da Faransanci, har garuruwan arewacin Jamhuriyar Benin irin su Parakou da Djougou.

Kwikwiyon da aka tsinta a fagen daga

A watan Satumba na 1918, ana dab da gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani sojan Amurka mai suna Lee Duncan ya shiga wani rusasshen gidan karnukan sojan Jamus kusa da ƙauyen Flirey a yankin Lorraine na Faransa. Ya tarar da wata karya da yunwa ta galabaitar, tana kwance da 'ya'yanta 5 da ko ido ba su buɗe ba. Ya kwashe su, ya riƙe 2, ya sa musu Rin Tin Tin da Nanette, sunayen wasu 'yan tsana na zare da Faransawa ke ba sojoji don fatan alheri. Nanette ba ta daɗe ba bayan isarsu Amurka. Namijin ya rayu, Duncan ya horar da shi har ya iya tsallake katanga mai tsayin da ya wuce mutum nesa ba kusa ba.

A 1923 wani ƙaramin kamfanin fim da bashi ya yi wa katutu, Warner Bros., ya sa shi a fim ɗin Where the North Begins. Jama'a suka yi dafifi. Daga nan fim ya bi fim, wani matashi mai suna Darryl Zanuck yana rubuta masa labarai, har ma'aikatan kamfanin suka riƙa yi wa karen kirari da mai biya musu bashi. Kafin ya mutu a 1932 ya fito a fina-finai sama da 20.

Saboda haka lokacin da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da Superman a mujallar Action Comics a 1938, kamfanoni suka yi ca a kan sabuwar sana'ar, akwai jarumi mai ƙafa huɗu da kowa ya riga ya sani. A watan Nuwamba na 1939 kamfanin MLJ, wanda daga baya ya koma Archie, ya buɗe mujallarsa ta farko, Blue Ribbon Comics, da kare mai suna Rang-a-Tang. Ko daga jin sunan an san wa ake kwaikwayo. Labarinsa shi ne ya gudo daga hannun wani azzalumin mai horar da dabbobin wasa, ya haɗu da ɗan sandan ciki Hy Speed, suka shiga farautar miyagu tare. A 1942 kamfanin Quality ya ba jaruminsa Manhunter kare mai suna Thor. A wannan shekarar kuma kamfanin Fawcett ya ɗaura wa karen Bulletman wani abin wuya da ke hana ƙasa janyo shi, aka sami Bulletdog, kare mai tashi sama, shekara 13 kafin Superman ya sami nasa.

Karnukan soja da shekarun fari

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa kare daraja a idon Amurkawa. A 1942 aka kafa wani shiri mai suna Dogs for Defense, inda iyalai suka riƙa ba rundunar soja aron karnukan gidajensu. Dubbai aka kai. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Chips. A watan Yuli na 1943, lokacin da sojojin ƙawance suka sauka tsibirin Sisili na Italiya, Chips ya ƙwace daga hannun mai riƙe da shi ya auka wani ramin da ake ɓarin wuta daga ciki, sojojin Italiya 4 suka fito suka miƙa wuya. An ba shi lambar yabo ta Silver Star, daga baya aka janye bisa dalilin cewa ba a ba dabba lambar mutane. Ya koma gidan masu shi a 1945. Sai a 2018 wata ƙungiyar kula da dabbobi ta Ingila ta karrama shi da lambar Dickin, shekaru da yawa bayan mutuwarsa.

Da yaƙi ya ƙare, sai fari ya sauka wa jarumai masu alkyabba. Abokan gabar da suka yi shekaru suna naushi a bangon mujallu sun faɗi, sojojin da ke sayen mujallun a barikoki sun koma gida, masu karatu suka karkata ga labaran kaboyi da soyayya da 'yan fashi da na ban tsoro. All-American Comics, inda aka haifi Green Lantern, ta koma mujallar kaboyi a 1948. Flash Comics ta rufe a 1949. A kamfanin da yau ake kira DC, Superman da Batman da Wonder Woman ne kaɗai suka ci gaba da riƙe mujallu da sunansu ba yankewa.

Cikin wannan hali ne Kanigher da Toth suka sake komawa ga kare. A farkon 1952 aka fito da The Adventures of Rex the Wonder Dog. Rex fari ne fat, tsohon karen soja da ya ga yaƙi, ya dawo yana zaune a gidan Manjo Dennis tare da ɗansa Danny. Ba ya tashi sama, ba ya magana da mutane, amma mai karatu yana bin tunaninsa. Da Gil Kane ya karɓi zanen, sai bangon mujallar ya zama abin kallo: yau Rex na kan doki, gobe yana artabu da zaki ko damisa, a fitowa ta 11 kuwa, a 1953, da ƙaton dinoso ya kara. A fitowa ta 4 aka ƙara masa maƙwabci a shafukan baya, wani biri mai binciken laifi da ake kira Detective Chimp, aikin John Broome da Carmine Infantino.

Mujallar Rex ta yi fitowa 46, daga 1952 zuwa 1959. Abin lura shi ne sunayen da suka ci abinci a ƙarƙashinta. Edita Julius Schwartz, da Kanigher, da Broome, da Infantino, da Kane, su ne mutanen da suka farfaɗo da jarumai daga baya. A 1956 Schwartz da Kanigher da Infantino suka dawo da Flash cikin sabuwar kama. A 1959, shekarar da aka rufe mujallar Rex, Broome da Kane suka fito da sabon Green Lantern, matuƙin jirgin sama Hal Jordan. Hannun da ya yi shekaru yana koyon zana tsalle da gudu a jikin kare, shi ya zana jarumin da kare ya taɓa turewa shekara 10 baya.

Shekarar da aka sa wa mujallu linzami

Kafin 1954 masu buga mujallun tsoro da na ta'addanci suna cin karensu ba babbaka. Iyaye da malaman makaranta da na coci sun daɗe suna ƙorafi, har a 1948 an tara mujallu an cinna musu wuta a wasu garuruwa, ciki har da Binghamton ta jihar New York. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafin Seduction of the Innocent, inda ya ɗora wa mujallun alhakin lalacewar tarbiyyar yara. Bai bar jarumai ba: ya zargi Superman da koyar da mulkin ƙarfi, ya yi wa zaman Batman da Robin mummunar fassara. A watan Afrilu wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a New York ya saurari shaidu. Kafin shekara ta ƙare, kamfanonin da kansu suka kafa hukumar tace mujallu, Comics Code Authority. Dokokinta sun hana nuna jini da ƙazamin kisa, sun hana wulaƙanta 'yan sanda da alƙalai, sun wajabta cewa gaskiya ce za ta yi nasara a ƙarshen kowane labari. Mujallar da ba ta da hatimin hukumar a bango, 'yan kasuwa da yawa ba sa karɓarta.

A daidai wannan kaka ta 1954, talabijin ta fara nuna shirye-shiryen karnuka 2 da suka mamaye gidaje: Lassie a tashar CBS da The Adventures of Rin Tin Tin a tashar ABC. Editocin DC sun ga inda iska ta dosa. Jarumin da ke da kare a gida, ba uwar da za ta ji tsoron ɗanta ya karanta labarinsa. Cikin wata 3 kacal na 1955, Superman da Batman duk suka yi kare.

Krypto ya fara bayyana a Adventure Comics fitowa ta 210, ta watan Maris 1955, rubutun Otto Binder, zanen Curt Swan. Labarin na zamanin ƙuruciyar Superman ne, yana Superboy a ƙauyen Smallville. Kafin duniyar Krypton ta tarwatse, mahaifinsa Jor-El ya so ya gwada kumbon da zai tsirar da jaririnsa, sai ya sa kwikwiyon yaron a wani ƙaramin kumbo ya harba. Dutsen sama ya buge kumbon ya kauce hanya, ya yi shekaru yana gararamba, har ya faɗo duniyarmu. Rana mai ruwan ɗorawa ta ba karen duk abin da ta ba ubangidansa: ƙarfi, da tashi, da jikin da harsashi ba ya huda shi. Hankalinsa kuwa na kare ne, wasa yake so, kuma wasan mai irin wannan ƙarfi ɓarna ce. Superboy ya yi ta bin sa yana gyara abin da ya lalata. A ƙarshen labarin Krypto ya ɗaga kai ya nufi sararin samaniya don ya sami filin guje-guje, ya bar yaron cikin kewa.

Wannan kewar ita ce zuciyar labarin. Superboy yana da iyayen riƙo masu ƙaunarsa, amma duk duniya babu mahaluƙi ɗaya da ya fito daga inda ya fito. Siegel da Shuster da suka ƙago shi 'ya'yan Yahudawa 'yan ci-rani ne, sun san ciwon. Duk wanda ya tashi a unguwar Zongo ta Parakou, ya ga yadda fuskar dattijo ke washewa idan baƙo ya sauka daga mota ya gaishe shi da harshen garin kakanninsa, ya san abin da yaron nan ya ji da farin kare ya lashi fuskarsa. An shirya labarin a matsayin fitowa ɗaya, amma masu karatu suka karɓe shi hannu bibbiyu, cikin 'yan watanni aka dawo da shi. Daga baya aka ɗaura masa jar alkyabba, aka ba shi tunani irin na mutum, har da ɗakin hutawa da ya gina wa kansa a sararin samaniya. A 1962 ya shiga ƙungiyar dabbobi masu ƙarfi tare da kyanwa Streaky da doki Comet da biri Beppo.

Shekara 2 da 'yan watanni bayan labarin Binder, ranar 3 ga Nuwamba 1957, Tarayyar Sobiyat ta sa wata karya da aka tsinta a titunan Mosko, Laika, cikin kumbon Sputnik 2 ta harba, don a gwada hanya kafin a tura mutum. Ita ba ta dawo ba. Zafi ya kashe ta cikin sa'o'i kaɗan.

Karen Batman kuwa, Ace, ya fito a mujallar Batman ta 92, ta watan Yuni 1955, daga alƙalamin Bill Finger da zanen Sheldon Moldoff. Ba shi da wani ƙarfi na daban. Batman da Robin sun tsamo shi daga kogi yana shirin nutsewa, Bruce Wayne ya ba da cigiyar mai shi a gari. Ashe na wani gwanin sassaƙa farantan ɗab'i ne, John Wilker, wanda masu buga jabun kuɗi suka sace don ya yi musu aiki. Karen ya nace sai ya bi Batman farauta. Matsalar ita ce yana da wani tabo a goshi da duk wanda ya ga cigiyar zai gane, daga nan kuma a gano cewa Bruce Wayne ne Batman. Sai aka ɗinka masa baƙar hular rufe fuska, aka maƙala masa tambarin jemage a wuya. Da hancinsa aka bi sawu har maɓoyar ɓarayin, aka kuɓutar da Wilker. Ace ya yi shekara 9 yana fitowa, har 1964 da Schwartz ya karɓi ragamar mujallun Batman ya mayar da su ga binciken laifi zalla.

Kamfanin Marvel ya bi wata hanya. A 1965 Stan Lee da Jack Kirby suka fito da Lockjaw a Fantastic Four ta 45: ƙaton kare mai faɗin muƙamuƙi, da wani abu mai kai biyu a goshi, wanda ke ɗauke iyalan gidan sarautar Inhumans daga wata duniya zuwa wata cikin ƙiftawar ido. Idan an rutsa da su, shi ne ƙofar fita.

Hanyar da ta biyo ta Faransa

Ɗan makarantar Parakou ko Djougou na shekarun 1960 da 1970 da Faransanci yake karatu, littattafansa kuma daga Faransa da Beljiyam suke tasowa, su sauka Kwatano, su hau layin dogo mai tsawon kilomita 438 da ya iso Parakou a 1936 ya tsaya. Abin da ke cikin akwatunan ya danganta da abin da hukumomin Paris suka yarda a buga. Su kuwa sun riga Amurka sa linzami. Dokar 16 ga Yuli 1949 kan littattafan yara ta kafa kwamitin sa ido, wanda 'yan Katolika da 'yan Kwaminis suka haɗa baki a cikinsa wajen ƙin jarumai masu rufe fuska daga Amurka. Ko a 1969, da kamfanin Lug na birnin Lyon ya fara fassara labaran Marvel a mujallar Fantask, fitowa 7 kawai ta yi matsin kwamitin ya kashe ta. Sai a 1970 Strange ta maye gurbinta, tana goge duk abin da ake ganin ya yi tsanani a zane.

Saboda haka karen da ya fi suna a duniyar masu Faransanci shi ne Milou, ɗan ƙaramin farin kare mai murɗaɗɗen gashi da ya fito tare da Tintin ranar 10 ga Janairu 1929 a Le Petit Vingtième ta birnin Brussels. Hergé ya ba shi baki a littattafan farko, yana faɗin ra'ayinsa, yana jan hankalin ubangidansa. Yana da rauni, domin ƙashi na iya ɗauke masa hankali daga aiki, amma sau da yawa shi ke cizge igiyar da aka ɗaure Tintin, ko ya ruga ya kirawo taimako. Mai karatu ɗan Afirka yana da hakkin ya tuna da Tintin au Congo na 1930 zuwa 1931, inda aka zana baƙar fata a matsayin marasa wayo har wasu suka naɗa karen sarki. Hergé da kansa ya amsa daga baya cewa tunanin 'yan mulkin mallaka na zamaninsa ne ya cika littafin.

Bayan Milou akwai Pif, wanda José Cabrero Arnal ya ƙaga a 1948 a jaridar L'Humanité. Akwai Rantanplan na labaran Lucky Luke, da Morris da René Goscinny suka fito da shi a 1960 don su juya hoton Rin Tin Tin, suka mai da shi karen gidan yari da ba ya gane ɓarawo. Akwai Idéfix, ɗan mitsitsin karen wani jarumin zane mai suna Obélix, da ya fara bin sawun jaruman labarin a 1963, masu karatun mujallar Pilote suka zaɓa masa suna ta hanyar gasa. A ɓangaren ƙananan mujallu masu arha da ke shiga aljihu, irin su Akim da Zembla, waɗanda suka zagaye Afirka ta Yamma hannu zuwa hannu har bangonsu ya yage, dabbobin daji ne abokan jarumai. Mai rufe fuskar da ya fi kusa da jaruman Amurka shi ne Le Fantôme, wanda Lee Falk ya ƙaga a 1936, yana yawo da kyarkecinsa Devil, wanda mutanen cikin labarin kan ɗauka kare ne.

Maharbi a kan itace

Tun kafin jirgin ƙasa, Parakou da Djougou zangon fatake ne. Ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato zuwa Gwanja neman goro yakan ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu ta Nikki, ya yada zango a waɗannan garuruwa kafin ya doshi Salaga. Inda ayari ya kwana, labari ma ya kwana, domin dare na hira ne. Daga cikin tatsuniyoyin da suka game Afirka ta Yamma a harsuna da yawa akwai ta maharbi da karnukansa.

Zubinta kan bambanta daga gari zuwa gari, amma ƙashin bayanta ɗaya ne. Wata kyakkyawar baƙuwa ta auri maharbi, ko ta nemi ya raka ta, da sharaɗin ya bar karnukansa a gida. Ya ɗaure su, ya bar wa tsohuwarsa wata alama, ya ce in ta ga ta sauya ta kwance su. Da suka yi nisa a daji matar ta rikiɗe ta koma dodanniya. Ya haye itace, ta hau sara. Itace na rawa, shi kuma ya ɗaga murya yana kiran karnukan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Can gida suka ji, suka tsinke igiya, suka iso kafin itacen ya kai ƙasa. Masanin tatsuniyoyi ɗan Amurka William Bascom ya tattara nau'o'in wannan labari daga sassan Afirka da kuma bakin jikokin bayi a nahiyar Amurka, ya nuna cewa da mutanen da aka kwasa ta teku ya ƙetara. Nazarin na cikin littafinsa African Folktales in the New World da aka buga a 1992. A jihar Alabama labarin ya zama na yaro Wiley da wani mugu mai gashi, wanda ba abin da yake tsoro kamar karnukan yaron.

Marubutan New York daga fim da talabijin suka ɗebo nasu karnukan, amma ginshiƙin labarin bai sauya ba: mai ƙarfi ya kai maƙura, dabararsa ta ƙare, wanda ake ɗaurewa a bayan gida ya zo ya fitar da shi.

Bahaushe bai ɗauki kare abokin shimfiɗa ba, wurinsa ƙofar gida ko garke ko dajin farauta. Duk da haka ba baƙo ba ne a labarin amana. Suratul Kahfi, da ake karantawa kowace Juma'a, ta ambaci karen samarin nan da suka fake a kogo, yana kwance a bakin ƙofa. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Shari'a ta halatta riƙon kare don farauta da kiwo da gadin gona, kuma a mazhabar Malikiyya da mafi yawan Musulmin yankin ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. 'Yan farautar da ke fita da rani sun san wanne ne cikin karnukansu ke fara tayar da zomo, wanne ne ba ya ja da baya gaban gadu, kuma kowanne da sunansa.

Mutuwa da dawowa

A tsakiyar shekarun 1980 DC ta yanke shawarar share tsohon tarihin jarumanta ta sake sabon lale. Kafin a rufe babin, aka ba marubucin Ingila Alan Moore dama ya rubuta labarin bankwana da tsohon Superman, aka buga shi kashi 2 a watan Satumba na 1986. Wanda ya zana shi Curt Swan ne, mutumin da ya fara zana Krypto shekara 31 baya. A labarin, abokan gaba sun yi wa Superman ƙawanya a fadarsa ta ƙanƙara. Krypto ya dawo daga yawonsa na sama ya tsaya tare da shi. Da wani mugu mai jikin kryptonite, dutsen da ke kashe duk ɗan Krypton, ya kutso ciki, karen ya san taɓa shi ajali ne. Ya daka tsalle ya kama maƙogwaronsa, bai saki ba sai da ya ga bayansa, gubar kuma ta gama da shi nan take.

Sabon Superman da John Byrne ya rubuta daga 1986 ba shi da kare, domin an so ya zama shi kaɗai ne ya tsira daga Krypton. Haka aka tafi har 2001, da aka dawo da Krypto mai alkyabba. A 2005 ya sami shirin katun nasa a talabijin, a 2022 kuma ya jagoranci fim ɗin DC League of Super-Pets.

Daga nan sai kasuwa ta sake juyawa. A ƙarshen 2022 aka damƙa wa James Gunn da Peter Safran aikin sake gina fina-finan DC daga tushe, da dama daga cikin waɗanda suka fito a 2023 kuma suka yi asara. Gunn ya bayyana cewa yana cikin rubuta sabon fim ɗin Superman ne ya ɗauko wani kare da aka ceto daga gidan da aka cunkushe karnuka masu yawa, ya sa masa suna Ozu. Karen bai saba da mutane ba, ya yi ta yayyaga takalma da kayan ɗaki, har Gunn ya tambayi kansa yadda rayuwa za ta kasance da a ce wannan dabba na da ƙarfin Superman. Amsar ita ce Krypto na fim ɗin da ya fito a watan Yuli na 2025. Fim ɗin ya buɗe da jarumin an yi masa dukan kawo wuƙa, ya faɗo cikin dusar ƙanƙara ba ya iya tashi. Ya yi fito, karen ya taho a guje, ya yi ta tsalle a kansa, sannan ya ciji alkyabbarsa ya ja shi zuwa gida.

Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 600 a gidajen kallo na duniya. Kamfanin da ya mallaki DC kuma ya fitar da shi shi ne Warner Bros., wanda Rin Tin Tin ya tsamo daga bashi shekara 102 kafin nan.